Alƙali guda cikin tara: me ya sa naɗin Kavanaugh ya raba Amurka biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai rumfar kayan gyaran babur ne a Maraɗi, da dare kuma muna zaman fada a unguwar Zariya. Yayana da ke tuƙin tasi a Amurka ya turo mini wani tsohon bidiyo ta WhatsApp, mata sun cika matakalar kotun ƙolin ƙasar suna dukan ƙofa suna kururuwa, wai don an naɗa wani alƙali mai suna Kavanaugh. Musu ya kaure a fadarmu. Wasu sun ce sharri aka yi masa, wasu sun ce mai laifi ne manya suka rufa wa asiri. Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutum guda ne cikin tara, me ya yi zafi haka? Kuma mu nan akwai abin da ya shafe mu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Bidiyon nan na ranar 6 ga Oktoba 2018 ne, ranar da majalisar dattawan Amurka ta amince da Brett Kavanaugh da ƙuri'a 50, masu ƙi 48. Rabon da a ga alƙalin kotun ƙoli ya tsallake da ƙyar haka tun 1881. Na yi shekaru ina aikin lauya tsakanin Yamai da Maraɗi kafin in ajiye riga, kuma na bi wannan rigima tun daga farkonta har ƙarshe, don haka zan faɗa maka yadda na gan ta. Musun da kuke yi a fada, ko ya aikata ko bai aikata ba, shi ne ƙaramin ɓangaren maganar.

Fara da kujerar kanta. A Amurka shugaban ƙasa ke zaɓo mutum, majalisar dattawa mai sanatoci 100 ta tantance shi ta kaɗa ƙuri'a. In ya hau, ya hau ke nan. Babu wa'adi, babu shekarun ritaya, sai in ya mutu, ko ya gaji ya sauka don kansa, ko majalisa ta tsige shi, abin da ba a taɓa kai wa ƙarshe ba a kan wani alƙalin wannan kotu. Shugaban ƙasa in ya daɗe ya yi shekara 8. Alƙali Clarence Thomas kuwa tun 1991 yake zaune. Kavanaugh yana da shekara 53 aka naɗa shi. Ka ga wanda ya kafa alƙali ya dasa itace ne da zai ci gaba da ƴaƴa bayan an manta da gwamnatinsa.

Sannan wannan kotu ba shari'ar bashi da gado take yi ba. Manyan abubuwan da ƴan siyasar Amurka suka kasa daidaitawa a majalisa, duk can ake kai su: zubar da ciki, mallakar bindiga, auren jinsi, kuɗin da attajirai ke zubawa a yaƙin neman zaɓe, hukuncin kisa. A shekara ta 2000 ita ta rufe gardamar zaɓen George Bush da Al Gore, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Gyara kundin tsarin mulkinsu kuwa aiki ne mai wuyar gaske, sai kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da kashi uku cikin huɗu na jihohi sun yarda. Saboda haka abin da mutum biyar cikin tara suka faɗa, kusan ya zama doka har illa ma sha Allah.

Kujerar da Kavanaugh ya gada kuma ba kamar sauran ba ce. Ta Anthony Kennedy ce, wanda ya sanar da ritayarsa a ƙarshen watan Yuni 2018. Kennedy ɗan ra'ayin riƙau ne, Shugaba Reagan ya naɗa shi, amma yakan tsallaka ya bi ɗaya ɓangaren a wasu manyan shari'u, har da na zubar da ciki da na auren jinsi. Shi ne harshen sikeli. Kowa ya san in aka maye gurbinsa da wanda ba ya tsallakawa, sikelin ya karkata gefe guda na tsawon zamani. Tun ranar 9 ga Yuli da Trump ya ambaci sunan Kavanaugh, kafin kowa ya ji labarin wata mata, yawancin sanatoci sun riga sun san inda za su jefa ƙuri'arsu. Ka riƙe wannan.

Ana wata sai ga wata. A tsakiyar Satumba, jaridar Washington Post ta fito da labarin Christine Blasey Ford, malamar jami'a ce a Kalifoniya, masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta ce a wajen 1982, tana da shekara 15 shi yana da 17, a wani taron matasa a jihar Maryland, ya danne ta a kan gado cikin maye, ya nemi tuɓe mata kaya, ya toshe mata baki da ta so yin ihu. Shi ya ce ko kusa ba a yi haka ba. Wasu mata biyu suka biyo baya da nasu zargin, ya musanta duka. Ranar 27 ga Satumba aka saurare su biyun a gaban kwamitin shari'a na majalisa, fiye da mutum miliyan 20 na kallo ta talabijin. Ita ta yi magana a natse, murya na rawa, ta ce ta tabbata ɗari bisa ɗari shi ne. Shi ya shigo a fusace, har da hawaye, ya ce ƙulli ne na siyasa aka shirya masa, har ya ambaci ramuwar gayya a madadin iyalin Clinton, don ya taɓa aiki cikin masu binciken Bill Clinton a shekarun 1990. Ya riƙa mayar wa sanatoci da tambaya cikin gatse.

To ya aikata ko bai aikata ba? A matsayina na wanda ya ci abinci da hujja, abin da ke kan tebur shi ne wannan. Mutanen da ta ambata cewa suna wurin, har da ƙawarta, sun ce ba su tuna taron ba. Ba ta iya faɗin gidan ko ranar ba. A ɗaya gefen, akwai shaidar cewa ta faɗa wa mijinta da mai ba ta shawara wannan labari tun 2012, lokacin da babu maganar kujera, kuma fitowar da ta yi ba ta jawo mata komai ba sai barazanar kisa da barin gidanta. Da gaban alƙalin laifi aka kai wannan takarda, ba za a ɗaure mutum da ita ba. Amma rashin isasshiyar hujjar ɗauri ba ya nufin matar ta yi ƙarya. Na sha ganin gaskiya ta faɗi a kotu don ba ta da shaida, musamman irin wannan laifi da ake yi a ɗaki, babu na uku. Ƴan fadarku da suka rantse da ɗaya daga ciki, sun wuce abin da hujja ta ba su.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ƴan Rifablikan, jam'iyyar Trump, suka ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, hujja tana kan mai da'awa. Wannan ƙa'ida ce da mu ma muka sani, tana cikin fiƙihunmu tun kafin a haifi Amurka. Ƴan Dimokurat, jam'iyyar Obama da Clinton, suka ce ai nan ba kotu ba ce, ba wanda zai tafi gidan kaso, mutum ne ya zo neman amana mafi girma, kuma shakka kaɗai ta isa a ce a kawo wani. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman Malikiyya suna da abin da suke kira tazkiyya: kafin a karɓi shaidar mutum sai an bincika adalcinsa, kuma ana iya ƙin shaidarsa ba tare da an ce ya yi laifin da za a hukunta shi ba. In za ka ba da auren ƙanwarka ka ji ƙishin-ƙishin a kan manemin, ba ka jiran hukuncin kotu kafin ka dakata. Amma kuma in kai ne manemin, aka hana ka don maganar da ba a tabbatar ba, aka yayata ta a gari, za ka ce an zalunce ka, kuma kana da gaskiya. Kowane ɓangare ya kama ƙa'ida ta gaskiya guda ya yi watsi da ta abokin gabarsa. Kuma ba zan ɓoye maka ba, da a ce Obama ne ya kawo mutumin, da yawansu sun yi musayar ƙa'idojin nan ba tare da kunya ba.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne yadda aka tafiyar da binciken. Sanata Dianne Feinstein ta Dimokurat ta samu wasiƙar matar tun ƙarshen Yuli, ta riƙe ta makonni, ta ce matar ce ta nemi a sakaya sunanta. Maganar ba ta fashe ba sai da aka gama zaman tantancewa na farko. Ƴan Rifablikan suka ce an ɓoye makami ne sai da lokaci ya ƙure. Daga baya, ranar 28 ga Satumba, wasu mata biyu suka tare Sanata Jeff Flake na Rifablikan a bakin na'urar hawa bene, suka faɗa masa irin cin zarafin da aka taɓa yi musu su ma, kyamara na ɗauka. Ya koma kwamiti ya ce zai ba da ƙuri'arsa amma da sharaɗin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, ta yi bincike na mako guda. Aka yi, sai dai ba a zauna da matar ba, ba a zauna da Kavanaugh ba, rahoton kuma aka kulle shi a ɗaki, sanatoci na shiga bi da bi suna karantawa, jama'a ba su gani ba. An yi ba a yi ba ke nan. Ɓangare guda ya fita yana cewa an wanke shi, ɗayan yana cewa an yi rufa-rufa, kuma babu takardar da za a ɗaga a nuna wa kowa.

Ni a nawa ganin, abin da ya fi nauyi a kan Kavanaugh ba zargin ba ne, fushin da ya yi ne. Na fahimci zafin mutumin da aka kira shi da mummunan suna a gaban matarsa da ƴaƴansa. Amma wanda ke neman zama alƙalin kowa, ya tsaya a bainar jama'a ya ambaci jam'iyya guda a matsayin maƙiyansa, gobe kuma wannan jam'iyya za ta kawo ƙara gabansa. Malaman shari'a na jami'o'i fiye da 2,400 sun sa hannu a takarda kan wannan batu kaɗai, tsohon alƙalin kotun John Paul Stevens, wanda shugaba ɗan Rifablikan ya naɗa, shi ma ya ce abin ya sauya masa ra'ayi. Kavanaugh da kansa ya rubuta a jarida cewa ya faɗi abin da bai kamata ya faɗa ba. Ka tuna wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi ya daidaita mutane a zamansa da fuskarsa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin zaluncinsa, kada mai rauni ya ɗebe tsammani daga adalcinsa. Har fuska aka ambata. Alƙali ba hukuncinsa kaɗai ake dubawa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya daɗe yana tsami. A 1986 Antonin Scalia, riƙaƙƙen ɗan ra'ayin riƙau, ya samu ƙuri'a 98 babu ko guda da ta ƙi. A 1993 Ruth Ginsburg, wadda ke can ɗaya ƙarshen, ta samu 96 da 3. Tsakanin nan an yi manyan faɗa biyu: a 1987 ƴan Dimokurat suka kayar da Robert Bork da ƙuri'a 58 da 42, a 1991 kuma Anita Hill ta zargi Clarence Thomas da cin zarafi a wurin aiki, ya tsallake da 52 da 48. Ƴan Rifablikan suna ƙirga gabar daga Bork. Ƴan Dimokurat kuwa suna ƙirgawa daga 2016, lokacin da Scalia ya rasu a watan Fabrairu, Obama ya kawo Merrick Garland a watan Maris, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Mitch McConnell na Rifablikan, ya ce ko sauraronsa ba za a yi ba don shekarar zaɓe ce. Kwana 293 sunan na ajiye har ya ruɓe, Trump ya zo ya ba Neil Gorsuch kujerar.

Akwai kuma wata katanga da suka rushe da hannunsu. A da, kafin a rufe muhawara a kai ga ƙuri'a, sai sanatoci 60 sun yarda. Wannan ya tilasta wa shugaban ƙasa ya nemo wanda aƙalla wasu ƴan adawa za su iya haɗiyewa. A 2013 ƴan Dimokurat, da suka gaji da tare musu hanya, suka soke ƙa'idar a kan alƙalan ƙananan kotuna. A 2017 ƴan Rifablikan suka ƙarasa ta a kan kotun ƙoli. Daga nan mai 51 ba ya buƙatar ko gaisuwar mai 49. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma nan bakin ƙasar duka ya ƙone. Ƙara da cewa kowace jiha sanata biyu gare ta, Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 40 da Wyoming da ba ta kai dubu 600 ba duk ɗaya. Sanatoci 50 da suka ɗaga Kavanaugh suna wakiltar ƙasa da rabin jama'a, shugaban da ya kawo shi kuma Hillary Clinton ta fi shi yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3. Duk bisa doka aka yi. Matan da ka gani suna dukan ƙofa ba cewa suke an karya doka ba, cewa suke dokar ta bar su a waje.

Fushin bai tsaya ga ɓangare guda ba, kuma zaɓen Nuwamba 2018 ya nuna haka: Dimokurat ta ƙwace majalisar wakilai, Rifablikan ta ƙara kujeru a majalisar dattawa zuwa 53, sanatocin Dimokurat huɗu da suka ƙi Kavanaugh suka faɗi. A Satumba 2020 Ginsburg ta rasu, McConnell ɗin nan da ya ce ba a naɗi a shekarar zaɓe ya tabbatar da Amy Barrett saura kwana 8 a yi zaɓe. Ranar 24 ga Yuni 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya ba da damar zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta mayar da maganar ga jihohi, Kavanaugh na cikin masu rinjaye. Na san a fadarku da yawa za su ce wannan hukunci ya yi daidai da addininmu, ba kuma musun nan nake yi ba. Abin lura shi ne a wannan watan cibiyar Gallup mai auna ra'ayin jama'a ta samu kashi 25 cikin ɗari kacal na Amurkawa ke amincewa sosai da kotun, mafi ƙanƙanta tun da ta fara aunawa. A watan nan ne kuma aka kama wani matashi da bindiga kusa da gidan Kavanaugh.

Me ya sa wannan adadi ya fi komai tayar mini da hankali? Tun 1788 Alexander Hamilton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, ya ce kotu ba ta da takobi ba ta da jakar kuɗi, hukunci kawai gare ta. Soja na hannun shugaba, baitulmali na hannun majalisa. Jarin kotu guda ne: wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida. Kai ɗan Maraɗi ne, ka san filin kokawa. In ana neman takobi, ɗan Damagaram ya kama da namu, alƙalin wasa ya ce gwiwar namu ta taɓa ƙasa, za mu yi ihu, za mu yi zagi, gobe mu dawo. To ka ɗauka an ce daga yau ƴan Damagaram ne kaɗai za su zaɓi alƙalin, kuma shi ne zai busa har ya mutu. Ko da mutumin waliyyi ne, ko da kowane hukuncinsa daidai ne, ba mai sake yarda da faɗuwa a garin nan.

Yanzu mu dawo gida, don tambayarka ta biyu ta fi ta farko. Tsarin da muka yi amfani da shi a jamhuriya ta biyar da ta bakwai, a takarda, ya fi na Amurka hikima nesa ba kusa ba. Kotun tsarin mulki mutum 7 ce. Shugaban ƙasa ya kawo guda, ofishin majalisar dokoki ya kawo guda, alƙalai su zaɓo biyu daga cikinsu, lauyoyi guda, malaman shari'a na jami'a guda, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam guda. Wa'adi shekara 6, babu sabuntawa. Wanda ya san ba za a sake naɗa shi ba, ba shi da wanda zai yi wa fadanci. Jamus ma ta bi irin wannan tunani ta wata hanya: shekara 12 babu ƙari, kuma sai kashi biyu cikin uku sun amince, don haka dole mai mulki ya nemi ɗan adawa.

Wannan tsari namu an gwada shi a 2009, lokacin tazarce. Shugaba Tandja Mamadou ya so zaɓen raba gardama don ya zarce bayan wa'adinsa na biyu. Ranar 25 ga Mayu kotun, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce ba ya halatta. Washegari ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun kanta, ya naɗa wata. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka ce fiye da kashi 92 sun amince. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka shiga fada. Ina Yamai a kwanakin nan, kuma ban manta yadda lauyoyi muke tsayawa a farfajiyar kotu muna karanta hukuncin 12 ga Yuni kamar wasiƙar gida ba. Hanyar naɗi mai kyau ta ba mu alƙalan da suka iya cewa a'a. Ba ta iya hana a kore su ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan, da irin wannan tsarin dai, kotun ta ƙi takarar Hama Amadou a Nuwamba 2020, ta karɓi ta Mohamed Bazoum duk da ƙarar da ƴan adawa suka yi ta kaiwa, a Maris 2021 kuma ta tabbatar masa da nasara da kashi 55 da ɗoriya. Mahamane Ousmane bai yarda ba, magoya bayansa ba su yarda ba, an yi tarzoma a Yamai tun fitowar sakamakon farko, an rasa rayuka. Ba ina ce maka hukuncin daidai ne ko kuskure ba, wannan wata amsa ce mai zaman kanta. Ina nuna maka ne cewa wani babban ɓangare na ƙasa ya kalli mutum bakwai ɗin nan bai ga alƙalai ba, ya ga ƴan wancan gefe. Ciwon Amurka ke nan, ya same mu ta wata ƙofa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa an jingine kundin gaba ɗaya tare da kotunsa.

Maƙwabtanmu na kudu ma ka san labarinsu, tun da kayan rumfarka daga Kano suke fitowa. A Janairu 2019, saura makonni a yi zaɓe, Buhari ya dakatar da babban jojin ƙasa Walter Onnoghen. A watan Mayu na shekarar kotun ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC duka a Zamfara ta ba PDP. A Janairu 2020 ta ɗauki wanda ya zo na huɗu a Imo ta ba shi gwamna. A Janairu 2024 Kano ta kwana da fargaba har sai da aka tabbatar da Abba Kabir Yusuf. Duk lokacin, wanda ya ci ya ce kotu gatan talaka, wanda ya faɗi ya ce an sayi alƙalai, kuma sau da yawa bakin guda ne ya faɗi duka biyun a shekaru daban. Ana samun akasin haka: a Satumba 2017 kotun ƙolin Kenya ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaba mai ci, Uhuru Kenyatta, ya yi ta zaginsu amma ya koma zaɓe.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni da nake yawan tunawa. Rikicin gona ne tsakanin ƴan uwa a wani ƙauye na wajen Tibiri, ni ke tsaya wa dattijon da na tabbata shi ke da gaskiya. Muka faɗi. Alƙalin ya ba shi lokaci ya yi magana har ya gaji, ya sa aka fassara masa hukuncin da Hausa dalla-dalla, ya faɗa masa inda shaidunsa suka yi rauni. Da muka fito ni ke ta tafasa ina maganar ɗaukaka ƙara, tsohon ya ce mini a bar ta, ai an saurare shi. A wata shari'ar kuma mun ci, amma a gaban alƙalin da kowa ya ga motar abokin gabarmu a ƙofar gidansa, sai ga shi hukuncin ya zo mana. Wanda na tsaya wa bai yi murna ba, cewa ya yi wataƙila farashi ne ba su daidaita ba. Ba banza ba magabata ke gudun kujerar nan. Imam Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan ya karɓi alƙalanci daga hannun halifa Mansur, kuma hadisi ya ce wanda aka ba alƙalanci an yanka shi ba da wuƙa ba.

In ƙasarmu ta zo sake zama kan yadda za a naɗa manyan alƙalai, abubuwan da zan sa wa ido su ne: kada hannu guda ya naɗa rinjaye, wa'adi ya kasance guda mai iyaka kuma a riƙa sauya su kaɗan-kaɗan ba gaba ɗaya ba, a yi binciken halin mutum tun kafin a fitar da sunansa kuma a hannun waɗanda ba su da kujerar da za su ci ko su rasa, sannan a rage kai wa kotu abin da ƴan siyasa ya kamata su daidaita a tsakaninsu. Na ƙarshen nan ya fi wuya, don ɗan siyasa yana son ya jefa wa alƙali garwashin da shi ba ya iya riƙewa.

A Amurka kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Wasu na kiran a ƙara yawan alƙalan, tun da adadin tara doka ce ta 1869 ba kundin tsarin mulki ba, amma Shugaba Roosevelt ya gwada haka a 1937 ƴan jam'iyyarsa ma suka ƙi shi, don kowa ya san in ka ƙara huɗu yau, gobe abokin gabarka zai ƙara shida. Wasu na kiran wa'adin shekara 18, har Biden ya goyi bayan haka a 2024, ba a kai ko'ina ba. Kavanaugh an haife shi a 1965. Ginsburg ta rasu a kan kujera tana da shekara 87. In ya kai shekarunta, yana nan har 2052, lokacin ƴaƴan yayanka da aka haifa can sun yi nasu ƴaƴan. Ka gaishe shi, ka gaida ƴan fada.